Yadda ake gyara tiyon kuloci mai yoyo a mota manuwal

A ƙafa ake fara jin matsalar. Fedar kulocin da ka saba da ɗan taurinta sai ta yi laushi kamar kana taka soso, giya ɗaya da ribas su fara gardama, sai ka taka sau biyu ko uku kafin su shiga. Idan aka yi sakaci, wata safiya za ka taka feda ta tafi ƙasa ta kwanta, sai ka sa bakin takalmi ka ɗago ta. Ka buɗe bonet ka tarar kofin man kuloci ya yi ƙasa ko ya ƙafe ƙaf. Mai ba ya ƙonewa a layin kuloci, ba ya kuma tashi a iska. In ya ragu haka, to galibi wani wuri yake bi yana fita.

Wannan bayani na motocin da kulocinsu ke aiki da mai ne, irin su Toyota Hiace, Hilux, Corolla, Golf 4 da tsofaffin Peugeot 504. Akwai masu aiki da waya, kamar Golf 2 da galibin Golf 3, waɗannan ba su da tiyo balle ya yi yoyo.

Yadda layin yake

Idan ka taka feda, tana tura fistin a cikin wata ƙaramar silinda da ke manne da bangon da ya raba inji da direba. Ita ce masta, ko kulocin sama. Mai ya fita daga nan ya bi siririn bututun ƙarfe, ya shiga tiyon roba, ya isa silinda ta biyu da ke jikin giyabos, wato kulocin ƙasa. Ita kuma ta tura wani ƙarfe mai kama da gwafa, gwafar ta tura boris, boris ya danne farantin da ke matse faifan kuloci, inji ya rabu da giya.

Dalilin sa roba a tsakani shi ne masta a jikin bodi take, ba ta motsi, kulocin ƙasa kuwa yana kan giyabos da ke girgiza tare da inji. Da ƙarfe ne zalla da ya karye. Robar ce ke shanye wannan jijjiga shekara da shekaru, ga zafin inji, ga matsin da ya ninka iskar taya fiye da sau goma duk lokacin da aka taka. Direban haya da ke wuni a gosilo yana taka kuloci sau ɗaruruwa kafin la'asar.

Tabbatar da cewa tiyon ne

Kada ka sayi komai tukuna. Yawancin kuɗin da ake asara a wannan aiki a nan ake asararsa, mutum ya ga tiyo a jiƙe ya canza shi, bayan kwana biyu kofi ya sake ƙafewa. Mai yana bin jikin bututu ya gangara, saboda haka inda ya fi jiƙa ba lallai ne nan ne ramin ba.

Fara da gane irin man. Dangwalo shi da yatsa ka ɗiga a ruwa cikin murfin gora. Man birki, wanda shi ne ake zuba wa kuloci, yana narkewa ya gauraya da ruwan. Man inji da man sitiyari kuwa tasowa suke su yi ido a sama. Man giya warinsa kaɗai ya isa ya tona shi.

Sai ka duba wurare huɗu. Ka kwanta a gefen direba da tocila ka leƙa saman feda, inda sandar ke shiga masta. Idan akwai danshi a wurin, ko fenti ya ɗaye, ko kafet ya jiƙe da abu mai santsi, masta ce ke zubarwa ta baya. Ka sauka kan kulocin ƙasa ka ɗan janye robar da ke rufe sandarsa mai kama da zugazugi. Ya kamata cikinta ya zama a bushe. In mai ya zubo, sil ɗin fistin, wato robar da ke tare mai, ya mutu. A wasu motocin, musamman na Turai da na baya-bayan nan, kulocin ƙasan a cikin ƙoƙon giyabos yake, haɗe da boris. Alamar yoyonsa ita ce ɗiga daga ƙasan mahaɗar inji da giyabos, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an sauke giyabos. Na huɗu shi ne layin kansa.

Wanke layin da ruwa da sabulu, ka bari ya bushe sarai, ka barbaɗa masa hoda irin ta jarirai tun daga masta har ƙasa. Cika kofin, ka sa wani ya taka feda ya riƙe ta a ƙasa kamar daƙiƙa 20, ya saki, ya maimaita sau biyar ko shida, kai kuma kana haskawa. Dole sai an taka, domin in feda tana sama babu matsi a layin, ƙaramin rami ba zai nuna kansa ba. Inda hodar ta fara yin duhu, nan ne. Mafi yawan lokaci za ka same shi a wuyan tiyon, daidai inda aka matse roba cikin ƙarfe, ko a wurin da ya daɗe yana gogar wani abu har baƙar fatar ta cinye, zaren ciki ya bayyana fari-fari. Wani lokaci kuma ba ɗiga za ka gani ba, ƙululu ne zai taso a jikin robar kamar kumburin tyub in an taka, ya koma in an saki. Wannan ma ya gama aiki.

Kafin ka bar wurin ka tambayi kanka me ya kashe shi. Tsufa dalili ne, za ka ga tsage-tsage ko'ina in ka lanƙwasa shi. Amma idan robar da sauranta kuma ta tsage a wuya, duba robobin da inji ke zaune a kai. Idan ɗaya ta yanke, inji yana zabura duk lokacin da aka ɗaga kuloci, yana fizgar tiyon. Sabo ma haka zai yi masa. Idan tiyon ya kumbura ya yi taushi kamar danƙo, man inji ne ke zuba a kansa daga sama, ko kuma an taɓa zuba wa kofin man da ba nasa ba.

Ba a yi masa faci

Za ka ji ana cewa a naɗe shi da robar tyub, ko a shafa gam mai ƙarfi, ko a yanke wurin a haɗa da guntun bututu a ɗaure da waya. Babu wanda ke riƙewa. Matsin daga ciki yake turowa, man birki kuma yana bi ta ƙarƙashin gam ya ɗaye shi. Tiyon fetur ma ba ya maye gurbinsa ko da girmansu ɗaya: ba a yi shi don wannan matsi ba, kuma man birki yana lalata irin robarsa. Ranar da facin zai saki, ba ya zaɓar wuri. Yana iya zama kana tsaye a danja da giya a ciki, ƙafarka a kan kuloci, matsi ya zube, mota ta zabura gaba da kanta ta hau na gabanka ko mai tsallaka titi. Tiyon da ya yi yoyo canza shi ake yi.

Abin da za a saya

Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ka jera su biyun a kan tebur. Tsawo ya zama ɗaya. Gajere zai tsinke in inji ya motsa, dogo kuma zai nemi abin da zai goga. Ka leƙa cikin bakinsa: motocin Japan galibi bakin bututunsu a buɗe yake kamar bakin algaita, na Turai kuwa a dunƙule yake kamar kan albasa. Zaren notin yakan zo ɗaya, M10 mai tazarar 1.0, shi ya sa za su ɗauru da juna lafiya lau amma ba za su taɓa toshe mai ba. Tiyo mai kyau yana ɗauke da rubutu a jikinsa, galibi SAE J1401, da layi dogo mai launi daga wannan kai zuwa wancan.

A wannan kaya ba mu ba da shawarar na hannu. Roba tana tsufa ko tana kan mota ko tana rataye a shago, kuma ɗan Kwatanon da za ka saya sa'an wanda ka cire ne. Idan babu sabo sam, ka lanƙwasa shi sosai a rana ka duba tsagewa, ka hura shi ka ji ko iska na wucewa ba tare da cijewa ba.

Idan bakin tiyon zobe ne da noti mai rami ke ratsawa, ka sayi washa biyu sababbi na jan ƙarfe. Tsofaffin sun riga sun matse sun taurare, ba sa sake kwanciya. Idan irin na turawa ne mai maƙalin waya, kamar na Volkswagen da Opel, ka tabbata ƙaramin zoben roba yana bakin sabon.

Mai kuwa, karanta murfin kofin. DOT 3 ko DOT 4 za ka gani. Ana iya zuba DOT 4 a motar DOT 3, kuma ya fi jure zafi: sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, na DOT 3 kuma 205. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, kada ka rikita shi da DOT 5.1 wanda danginsu ne. Rabin lita ya isa aikin kuloci har ya yi saura. Ka sayi wanda yake a rufe da hatiminsa, ban da wanda aka tsiyaya a gora, domin man birki yana zuƙar danshi daga iska, balle da damina.

Kayan aiki: sifana mai tsaga ta notin bututu, lamba 10 ga motocin Japan, 11 ga yawancin na Turai, sifana 8 ta zobe don notin fitar da iska da ke jikin kulocin ƙasa, sifana 12, 14 da 17, filaya, sukudireba mai faɗi, man fesawa mai sassauta tsatsa, siririyar roba mai gani-har-hanji kamar rabin mita, irin ta ƙarin ruwa da ake samu a kemis tana yi, sirinji sabo mai cin mil 50, gorar ruwa da babu komai a ciki, tsumma mai tsabta, bokitin ruwa a kusa. Sifanar mai tsaga kada ka raina ta. Tana kama noti ta ɓangarori biyar, ta yau da kullum kuwa biyu kawai take kamawa, kuma notin bututu ƙarfensa mai laushi ne, zamewa ɗaya ya isa ya mulmule shi.

Cire tsohon

Mota ta huce, a wuri mai daidai, birkin hannu a ja, a tare tayoyin baya da dutse ko katako. In sai an shiga ƙarƙashi, a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe ko a kai ta rami. Jak kaɗai ba a yarda da shi, bulon siminti kuma yana farfashewa ba sallama. A motoci masu jan gaba sau da yawa ta sama ake kaiwa gare shi, bayan an cire akwatin iska, wani lokaci har da batir da tirensa.

Goge mahaɗun biyu da buroshi, ka fesa man tsatsa a kan notin bututu, ka ba shi minti 15. Sannan ka goge shi tas da tsumma kafin ka buɗe komai. A nan ne ɗabi'ar wanke kowane abu da fetur ke yin ɓarna. Robobin cikin masta da kulocin ƙasa an yi su ne don man birki, kuma fetur, kalanzir, gas ko man inji ko kaɗan ne ya taɓa su sai su kumbura. Hannun da ke da baƙin mai kada ya taɓa bakin layin. Abin wanke cikin waɗannan kaya shi ne man birki sabo, ko sifirit.

Buɗe kofin, ka shimfiɗa 'yar leda mai tsabta a bakinsa, ka mayar da murfin a kanta. Iska ba za ta shiga ta sama ba, don haka man zai rage zuba in ka kwance layin. Shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin mahaɗar. Man birki yana cin fenti cikin mintuna. Inda ya ɗiga ka sheƙa ruwa nan take, kada ka goga a bushe. In ya faɗa ido, ruwa mai yawa na tsawon mintuna, sannan a je asibiti in zafin bai lafa ba.

Fara da kan sama, inda bututun ƙarfe ya haɗu da tiyo a jikin mariƙi. Bar maƙalin nan mai siffar kofaton doki a wurinsa tukuna, shi ke taya ka riƙo. Kama kan tiyon da sifana 17, ɗora mai tsaga a kan notin bututu, ka ba ta bugu ɗaya gajere da tafin hannu maimakon ja a hankali. Da ya motsa, sa ido a kan bututun. Idan noti yana juyawa bututu na tsaye, madalla. Idan bututun yana juyawa tare da shi, tsaya nan take: tsatsa ta haɗe su, kuma rabin juyi kawai zai murɗe bututun kamar alewa. Ƙara fesawa, ka riƙa kai shi gaba kana dawo da shi baya kaɗan-kaɗan. In ya ƙi, akwai mafita: kwance ko yanke tiyon daga ƙasa, zare maƙalin, ka riƙe notin a tsaye ka juya tiyon shi kansa. Kada a sa masa wuta, tiyon da aka gasa yana iya fashewa a fuskar mutum.

Bayan notin ya fita, zare maƙalin da filaya, ka toshe bakin bututun da hular robar notin fitar da iska. Sai kan ƙasa. Mai zobe, kwance notinsa da sifana 12 ko 14, ka lura ko tsohuwar washa ta manne a jikin silinda, domin washa biyu a kan juna yoyo ne tabbas. Mai zare da ke ɗauruwa kai tsaye cikin silinda, sai ka juya tiyon gaba ɗaya, shi ya sa aka fara da sama. Na turawa kuma, ɗaga maƙalin wayar da sukudireba, ba sai ka cire shi duka ba, ka ja bakin a miƙe. Leƙa ramin ka ga ko tsohon zoben roba ya maƙale a ciki.

Tun da ka zo nan, gwada notin fitar da iska yanzu. In zai karye, gara ka sani kafin ka ɗaura sabon tiyo. Idan ya kwance amma mai bai fito ba, cire shi gaba ɗaya ka tsokale ramin da siririyar waya, ƙurar hunturu ce ta toshe shi don hularsa ta ɓace.

Ɗaura sabo

Ɗura ɗan man birki ta cikinsa ya fita ta ɗaya kan, ya wanke ƙurar shago. Yanzu juya tsarin: ƙasa da farko, sama daga baya. Ga mai zobe, washa ɗaya a ƙarƙashin kan noti, ɗaya tsakanin zobe da silinda, ɗaurin kamar Nm 25 zuwa 30, Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a sifanar awo. Kai kan sama cikin mariƙi, ka dubi layin launin nan da ke jikin tiyon. Amfaninsa ke nan: in ya tafi a miƙe, tiyon bai murɗe ba, in ya naɗe kamar igiya, cire ka gyara zamansa. Tiyon da aka ɗaura a murɗe yana cin kansa daga wuya.

Notin bututu da yatsa ake fara shi. Ya shiga juyi uku ko huɗu ba tare da sifana ba. In ya cije tun a juyin farko, ba a miƙe yake ba, dawo da shi ka ɗan gyara bututun. Ya fi sauƙi a kama zaren kafin a buga maƙali, lokacin tiyon yana iya ɗan kaɗawa. Bayan maƙalin ya zauna, ɗaure notin kamar Nm 15. Wanda ba shi da sifanar awo, ya kai shi inda ya tsaya, ya ƙara ɗan kaɗan da gajeriyar sifana, shi ke nan. Wuce haka yana tsaga bakin bututu. Kada a naɗa farin tef na masu gyaran famfo, kada a shafa gam. Ba zaren ne ke toshe mai ba, bakin bututun ne da ya zauna a mazauninsa, kuma guntun tef in ya shiga layi yana toshe ƙaramin ramin masta.

Idan bututun ƙarfen ne ya murɗe ko tsatsa ta huda shi, a canza shi da bututun birki mai kauri daidai da tsohon, galibi milimita 4.75, a buɗa bakinsa da na'urar yin hakan, irin bakin da motar ke amfani da shi. Zura notin kafin a buɗa bakin, kowa yakan manta sau ɗaya. Bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji ba na wannan aiki ba ne, jijjiga tana taurara shi ya tsage.

Tabbatar akwai tazarar yatsa tsakanin tiyon da duk abin da ke kusa, ya kuma yi nesa da salansa.

Fitar da iska

Nan ne aikin yake. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka 'yar kumfa a layi ta isa ta shanye tafiyar feda kafin kulocin ƙasa ya motsa. Kuma kuloci ya fi birki wahalar bilidin, wato fitar da iska, saboda layinsa yana hawa sama ya sauko, iska tana son sama, kai kuma ƙasa kake korarta.

Cire ledar nan daga bakin kofi. Zuƙe tsohon man da sirinji, ka goge baƙin laka da ke gindin kofin, ka cika da sabo. Idan motar kofi ɗaya take rabawa da birki, kamar Golf 4, ka lura da kyau: mafitar kuloci a sama take a gefen kofin, an yi haka da gangan don yoyon kuloci kada ya cinye man birki. Ma'ana kofin zai nuna rabi amma kuloci yana shan iska. Riƙe shi a cike har layin sama duk tsawon aikin.

Ɗora sifana 8 a kan notin fitar da iska, ka cusa siririyar robar a bakinsa, ɗaya kan a cikin gora mai ɗan mai a gindi, bakin robar a nutse. Buɗe rabin juyi ka bar shi minti 10 zuwa 15 ba tare da taɓa feda ba. Mai zai sauko da nauyinsa ya cika sabon tiyon. Da ya fara ɗiga a jere, rufe.

Sai a zama mutum biyu. Na ciki ya taka feda a hankali har ƙasa ya ce "Na taka." Na waje ya buɗe kwatan juyi, mai da kumfa su fito, ya rufe, sannan ya ce "Saki." Ba a saki kafin a rufe, in ba haka ba iskar da aka kora za ta dawo. Da farko feda ba za ta taso da kanta ba, sai a ɗago ta da hannu a hankali, a jira daƙiƙa biyar masta ta sake cika. Bayan kowane taku uku a leƙa kofi. Na Toyota ɗan ƙarami ne, bai kai kofin shayi ba, yana ƙafewa da wuri, in kuwa ya ƙafe an koma farko. Bugun feda da sauri-sauri, wanda yaran gareji ke so, yana dagargaza babbar kumfa ta zama ƙanana masu yawa kamar kumfar sabulu, sai an jira sun taru kafin su fita. A ci gaba har man da ke bin robar ya fito garau, babu baƙi babu kumfa, galibi taku 10 zuwa 20.

Idan an yi haka feda tana nan kamar babu komai a bayanta, juya hanya. Cika sirinji da sabon mai, haɗa shi da robar, ka kore iskar cikinsu har mai ya kai baki. A nan kaɗai za ka rage man kofi zuwa rabi don kada ya malala. Cusa robar a notin, buɗe kwatan juyi, ka tura a hankali, feda tana sama. Yanzu iska tana tafiya inda take so, za ka ga kumfa na fashewa a kofi. Rufe notin kafin sirinjin ya ƙare. Wannan dabara a yi ta bayan an riga an kore tsohon mai ta ƙasa, don kada a tura datti cikin masta.

Akwai kuma iskar da ke ɓuya a cikin kulocin ƙasa, a motocin da notin fitar da iskar ba shi ne mafi tsayi a jikinsa ba. Kwance silindar daga giyabos, notuna biyu ne, ka bar tiyon a haɗe. Riƙe ta yadda mashigar tiyon ke kallon sama, ka tura sandar ciki da hannu a hankali har ƙarshe, ka bar ta ta dawo a hankali, sau goma ko sha biyar. Gargaɗi ɗaya: muddin silindar ba ta ɗaure a wurinta, kada kowa ya taɓa feda, fistin zai fito waje gaba ɗaya mai ya watse. Wajen mayarwa, kan sandar ya zauna daidai cikin ƙoƙon gwafa.

Notin fitar da iska ɗauri kaɗan yake so, Nm 8 zuwa 10. Na roba da ke kan wasu motocin Turai da hannu ake juya shi. Mayar masa da hularsa.

Gwaji

Inji a kashe, wani ya taka, kai ka kalli sandar kulocin ƙasa. Ta fara motsi tun feda tana sama, ta yi tafiya kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A riƙe fedar a ƙasa minti ɗaya. Sandar ta tsaya inda take. Idan tana janyewa baya a hankali kuma babu ɗiga a ko'ina, masta ce ke mayar da mai kofi ta cikin sil ɗinta. Dafa kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. In notin bututu yana tsattsafa, sassauta shi ka sake ɗaurewa don bakin ya zauna, kada ka ƙara masa ƙarfi kawai.

Tayar da inji, giya a firi. Taka, ƙirga uku, sa ribas. A yawancin waɗannan motoci ribas ba shi da abin daidaita gudun haƙora, don haka shi ne ke faɗin gaskiya: in ya shiga shiru, kuloci yana raba inji da giya sosai, in ya yi ƙara, da sauran iska. Duba kuma wasan feda da hannu, tafiyar da take yi kafin ta fara tauri. A Corolla milimita 5 zuwa 15 ne. Kada a tsawaita sandar masta don ɓoye iskar da ba a fitar ba. In aka cinye wasan, fistin yana rufe ramin da mai ke komawa kofi, da inji ya yi zafi mai ya buɗe, matsi ya taru, kuloci ya fara silif har faifai ya ƙone.

Wanke wurin da ruwa, daidaita man a layin sama na kofin, ka ja masa alama da biro a waje. Duba alamar bayan fitar farko, sannan kowace safiya har mako guda. Idan man da ka zuba garau ya koma baƙi cikin 'yan makonni, robobin masta ko na kulocin ƙasa ne ke narkewa, kuma tun da sa'annin juna ne, gara a canza su tare. Tsohon man a zuba shi a gora a rufe, a rubuta a jiki, a ajiye nesa da yara da dabbobi, guba ne. Man layin kuloci a riƙa sabunta shi duk shekara biyu, ranar da ake canza na birki.